Zauren Kyauta a Hawa na Huɗu

"Kyauta?" ma'ajinmu ya tambaya, ido waje.

"Kyauta," na ce, ina juya makulli a yatsa. "Surukina ne ya ba mu."

Wata biyu kwamitinmu na 'yan sa-kai yana neman zauren taro. Duk otal ɗin da ya faɗi farashi, sai mu yi dariyar yaƙe mu fito. Ni, shugaban kwamitin, ni na cece mu, kuma ban bar kowa ya manta ba. Sau bakwai na hau zauren nan: na ƙirga kujeru, na gwada fankoki, har famfon banɗaki na murɗa.

Ranar taro na ci ado na tsaya bakin ƙofa. Babbar baƙuwarmu ta iso, aka sauko mata da keken guragu. Ta dubi matakala sittin da huɗu, sannan ta dubi ƙyallen da na rataya da hannuna: "Gina Wa Kowa, Har Mai Keke."

A filin ajiye motoci aka yi taron, cikin rana.

"Na zo da misalai," haka ta buɗe jawabinta, "amma shugabanku ya hutar da ni."