Mai Lambun da Ya Ƙi Cin Radish Ɗinsa

Akwai wani misali da tsofaffin unguwarmu ke bayarwa in suka ga babba da gemunsa yana kukan babu, bari in ba ku shi yadda na ji. Wai zamanin da Turawan kuza ke cike da Jos, tun fadamar bakin rafi ba ta zama gidaje ba, lokacin da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ke tarar mutum tun daga kan hanya, an yi wani mai lambu da ba ya shuka komai sai radish. Kun san shi kuwa? Wani ɗan abu ne ja, bai wuce girman goro ba, cikinsa fari tas, a ƙasa yake yi kamar karas. Kukun Turawa ne ke zuwa kullum da safe a kan keke ya kwashe. Shi kuwa mai lambun sau ɗaya tak ya taɓa kai shi baki, ɗanye, ya ji yaji ya harbe shi tun daga harshe har hanci, hawaye shar. Ya tofar, ya ce wannan ba abincin mutane ba ne. Shi ke nan fa. Shekara goma sha biyar yana ban ruwa, yana cire ciyawa, yana wanke abin nan da hannunsa, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa shiga gidansa ba.

Ran nan Turawa suka tattara nasu ya nasu suka tafi, kuku ya daina zuwa. Mai lambu ya kai kasuwa, duk wanda ya ɗanɗana sai ya yamutsa fuska ya yi gaba. Hatsi dai akwai ɗan saura a rumbu, amma abin miya babu, sai gida ya koma cin gaya, tuwo da ruwan gishiri safe da yamma. Yara su yi loma biyu su ture kwano. Ƙaramarsu ma har ƙashin wuyanta ya fito, uban yana gani yana kau da kai. Matarsa ta ce, “Malam, ka kawo mini abin nan ko kaɗan ne in gwada shi a wuta mana.” Ya ce, “Ke da ko ɗanɗana shi ba ki taɓa yi ba? Ni da na san shi shekara sha biyar na ce miki ba ya ciwuwa.” Ta koma tuƙin tuwonta. Haka fa suka yi sati uku cur.

Da abin ya ishe shi, ya saɓi fartanya ya nufi lambu, ya hau kafce radish ɗin yana watsa wa awaki. Ya ci rabin lambun ke nan sai ga tsohon kukun nan da ƙunshin kayansa, zai koma garinsu, ya biyo yin sallama. Kukun ya ce, “Subhanallahi! Abokina, abinci kake ba awaki?” Bai ma jira amsa ba. Ya tara kirare ya hura wuta, ya bari ta zama garwashi. Ya tsinci guda goma, ya wanke a rafi, ya tsaga kowanne biyu, ya shafa ɗan man gyaɗa da gishiri daga cikin kayansa, ya jera su a kife kan murfin kwano. Sai ya zauna abinsa yana hirar da. Jan ya dushe, bayan ya yamutse, gefe ya yi ruwan ƙasa, wani ƙamshi ya tashi. Mai lambu ya ɗauki ɗaya a tsorace, ya ma juya kai gefe don ya ji daɗin tofarwa. Kai! Laushi kamar dankali, yajin nan ya gudu, sai wani ɗan zaƙi-zaƙi da ya rage. Ya tsaya da abin a baki, ya dubi rabin da ya kafce, ya dubi awakin da ke ta tauna.

Ya cika kwando ya kai gida, ya ajiye a gaban matar ba tare da ya yarda sun haɗa ido ba. Ta gasa a kasko yadda ya kwatanta mata. Ranar yara suka suɗe kwanon tuwo, ƙaramar har da miƙo hannu a ƙara mata. Matar ta ɗago kaskon ta ce, “Malam, a ƙara maka, ko har yanzu ba ya ciwuwa?” Ya dai miƙa kwanonsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.