Matar Cikin Kaset

"A ce ruwa," in ji matar cikin kaset.

Naja'atu ta zuba wa madubi ido, ta tattara leɓɓanta, ta yi ta kokawa da harshenta. Iska ta fito, harshen kuwa ya kwanta abinsa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ba ta kai ga rabin kalmar ba matar ta riga ta cafe: "Madalla! Haka ake so. Mu je gaba."

Wace madalla? Naja'atu ta danne rikodar da hannun hagu, ta zauna tana huci.

Tun farkon damina shanyewar ɓarin jiki ta same ta. Ta tafi da hannunta na dama, ta tafi da bakinta, ta bar mata hankalinta garas, kuma wannan ya fi komai ciwo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, don haka yayanta Jibirin ya ba ta ɗakin baya a gidansa na Gwarzo. Da farko 'yan dubiya har rasa wurin ajiye takalmi suke yi. Amma gaisuwa aba ce mai son amsa. A ce ina kwana, shiru. Yaya jiki, shiru. Sai mai gaisuwar ya amsa wa kansa da "da sauƙi ko?", ya miƙe. A hankali ƙafa ta ɗauke. Aka bar ta daga ita sai madubi, sai matar nan da ba ta iya jira ba.

A gaskiya ba da mugunta aka yi kaset ɗin ba. Duk faɗin Gwarzo da Kabo ma'aikacin lafiya mai gyaran magana ɗaya ne tak, mace kuma. Motar asibiti ta zagayen ƙauyuka ta kwanta, ba taya ba mai, ga shi an fara hana mata hawa acaɓa. Shi ne ta naɗi darussanta a kaset, don wanda bakinsa ya mutu a Gammo ko Gude ya samu abin bi. Yanzu ita ma ba ta aiki, kuma da wannan tsuke bakin aljihu ba a ɗauki wata ba.

Naja'atu ta haddace kaset ɗin kaf. Ta san inda matar za ta yi gyaran murya, ta san inda ƙofa za ta yi ƙara a bayanta. Ta kuma tsane ta, tsana ta haƙiƙa. Mace mai lafiyayyen baki, ta auna shirun da za ta bar wa mara lafiya da nata harshen!

Ana nan sai ga Malam Hambali, mai shirya wa ma'aikatan lafiya bita. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana kallon tabarma. Ya ce za a tara ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauyuka, a koya musu aiki da kaset ɗin, a ƙara buga shi a raba wa kowa.

"Hajiya, in ba damuwa, ki zo ki zauna a gaba su ga yadda ake yi."

A raba wa kowa? Ta hango tsofaffi a Lakwaya da Gude, kowa a ɗakinsa shi kaɗai, ana yaba masa a kan kalmar da bai faɗa ba har ya yanke ƙauna. Ta buɗe baki za ta hana. Rubutu ya tafi tare da hannun dama, saura bakin, shi kuma ya ƙi. Malam Hambali ya ɗan saurara, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya sa takalminsa.

Daga ranar ta ajiye rikodar. Kalmomi biyu kawai ta sa a gaba. Kullum da hantsi sai ta ja jiki zuwa turke, ta zauna gaban akuyar gidan tana gwadawa. Akuyar ce kaɗai a gidan ba ta ƙarasa mata magana.

Ranar bita ɗakin taron ya cika da baƙin fuskoki, mata a gefe, maza a gefe. Da tsohon masinjan wurin ya gan ta sai ya miƙe tsaye, ya kawar da kai. Aka zaunar da ita a gaba, aka kunna kaset.

"A ce ruwa."

Ta fara kokawarta a idon jama'a.

"Madalla! Haka ake so."

Wani ya yi dariya a baya. Naja'atu ta kai hannun hagu ta kashe rikodar. Malam Hambali ya yunƙuro zai taimaka, ta ɗaga masa tafi. Gumi ya jiƙa mata hijabi.

"Ku... ji... ra."

Suka jira. Shirun ya yi tsawo har wasu suka sunkuyar da kai. Can sai ga ta, a karkace amma cikakkiya: "Ruwa."

Malam Hambali ya share ido da hannun riga. Ya ce ba za a raba wannan ba, sai an sake naɗa shi da shiru mai yawa, ko da zai ci kaset biyu.

Ikilima, wata ma'aikaciya daga Lakwaya wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta, ta ce, "Wallahi gara haka! Ni dai Malam, wace ce wannan mai gaggawar? Da ji ba ta taɓa zama da mara lafiya ba."

Naja'atu ta sake ɗaga hannu, ta kai shi ƙirjinta, wannan karon kuma kowa ya jira ta.

"Ni... ce."