Fom Mai Lamba Sittin da Huɗu

Kwana tara fom ɗin yana cikin jakar Sakatare, har gefensa ya fara nannaɗewa.

Dokar kulob ɗin golf da ke bayan garin Gusau ba ta da wuya a takarda. Mai son zama mamba zai cika fom. Tsofaffin mambobi biyu su sa hannu cewa sun yarda da halinsa. A liƙa sunansa a allon sanarwa mako biyu, sannan ya zo da hotunansa ya zauna gaban kwamiti. Shekara ashirin da biyu Sakatare ke riƙe da wannan aikin, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Daga ranar, maigadi ba zai buɗe masa ƙofa ba, domin filin na mambobi ne da ma'aikata kawai. Wannan fom shi ne na ƙarshe da zai bi ta hannunsa.

Ya fara da Alhaji Bala, ciyaman, wanda ya tafi gonarsa can wajen Rawayya a Bunguɗu. Motar haya ta tsaya a shingen jami'an tsaro uku kafin su isa. Ya tarar da Alhaji a inuwar rumfa ana auna masa taki.

"Sakatare! Kai ne da ranar nan?"

Ya miƙa fom ɗin da hannu biyu. Alhaji ya ɗaga tabarau ya karanta: "Abubakar Dalhatu Karakkai." Ya yi ta lalube a kansa. "Wa ke nan?"

Sakatare ya yi murmushi, ya jira. Ya ɗauka Alhaji zai ƙara wani abu.

"Ban san shi ba. Kai ma ka san doka, ba na sa hannu ga wanda ban sani ba. Kulob ba tasha ba ce."

Sakatare ya buɗe baki, amma Alhaji ya riga ya juya yana faɗa da masu ɗaukar buhu. Sakatare ya karɓi fom ya mayar jaka, ya yi sallama, ya koma bakin titi jiran mota.

Bayan kwana biyu ya nufi Tsafe wurin Dakta Samuel, tsohon mamba mai ƙaramin asibiti. Awa biyu ya yi a kan benci tsakanin mata masu goyo. Da aka kira shi, likita ya karɓi fom ɗin da hagu, damansa na rubuta magani.

"Ya iya wasan kuwa?"

"Ya iya. Ya daɗe yana bugawa ranakun Litinin, in babu kowa a fili."

"Tunda kai ka kawo, shi ke nan." Ya sa hannu bai dubi saman takardar ba.

Hannu na biyu a Gusau ya samu, wurin Hajiya Asabe mai kamfanin gine-gine. Ta sa hannu ta tagar mota, direba bai ko kashe inji ba. "Ka ce masa kada ya zo mana da silifas," ta ce, gilashi ya hau.

Ya liƙa sunan a allo. Mako biyu mambobi suna wucewa ta gabansa da jakunkunan sanduna. Wasu su tsaya su karanta su taɓe baki. Mutum uku suka leƙo ofis suna tambaya ko ɗan kwangila ne, ko ɗan siyasa. Ya ce ko ɗaya. Ba wanda ya ƙara tambaya.

Ranar zaman kwamiti matarsa Hafsat ta goge masa sabuwar shadda. Ta raka shi har zaure.

"Ka yi magana yau, Malam. Don Allah."

"To," ya ce. Ya taɓa aljihun gabansa, inda ambulan ɗin hotuna yake.

Mutum biyar ne a kwamitin, har da Dakta Samuel da Hajiya Asabe. Ya jera musu ruwa, ya kunna fanka, ya ajiye kujerar mai nema a tsakiyar ɗaki, ya koma gefen tebur da littafinsa. Suka yi awa guda kan famfon ban ruwa da ya lalace da shanun da ke keta shinge. Sai aka zo kan fom mai lamba sittin da huɗu.

"Akwai wanda ya san mutumin nan?" in ji Alhaji Bala.

Suka dubi juna. Dakta Samuel ya ce shi dai an kawo masa ne. Hajiya Asabe tana kan waya.

"Sakatare, leƙa waje ka shigo da shi," in ji Alhaji.

Ya tashi. Ya wuce ta gefen kujerar, har hannunsa ya shafi bayanta. Ya buɗe ƙofa ya tsaya. Ga benci ba kowa, ga fili kore shar bayan ruwan jiya, tutar rami na farko tana kaɗawa. Ya daɗe yana kallo. Wata irin gajiya ta sauko masa, wadda ba ta hanyar Tsafe ba ce, ba kuma ta Bunguɗu ba.

Ya dawo. "Babu kowa a waje, ranka shi daɗe."

"Ka gani ko? Ba mu san shi ba, bai kuma ga damar zuwa ba. Rubuta, an ƙi."

Ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa, ya ja layi a ƙasa.

"Saura magana guda," in ji Alhaji, fuskarsa ta saki. "Kwamiti ya yanke a ba ka takardar yabo, saboda ka zama ɗan gida a wurin nan. Mai bugawa yana jira." Ya zare biro, ya juya bayan fom ɗin don ya samu wurin rubutu. "Mi ne ne ma cikakken sunanka?"

Sakatare ya rufe littafinsa a hankali.

"Abubakar Dalhatu Karakkai, ranka shi daɗe."