Kwikwiyon da Bai Firgita Ba

Murfin tukunya ya suɓuce wa Geertje mai kiwon karnuka, ya faɗi ƙasa da ƙara. 'Yan kwikwiyon Chihuahua suka watse, amma wani fari a cikinsu ko gezau.

"Wannan jarumin nake so!" in ji Femke, mai saye.

Geertje ta miƙa mata shi. Likitan dabbobi ya sha gaya wa Geertje, in uwa da uba duk masu launin dabbare-dabbaren da ake kira merle ne, kamar iyayen wannan, fararen 'ya'yansu sukan fito kurame.

A bakin ƙofa Femke ta juyo. "Babana zan kai wa. Ya kurumce, ga shi shi kaɗai a gida. In ƙararrawar gobara ta buga, wannan zai tashe shi."

Geertje ta shafa kan kwikwiyon.

"Kin iya zaɓe, 'yata."

Ta rufe ƙofarta.