Gidan Yaya Saudatu

Lukuman ya iso daga Kano ya tarar da kayan yayarsa Saudatu jibge a zauren maƙwabta, gidanta na Kutama kuwa an garƙame shi da sabon kwaɗo. Nan take ya rantse sai ya ga bayan wanda ya yi mata wannan aika-aika.

Da ƙyar ta buɗe baki. Lokacin jinyar marigayi mijinta ta jinginar da gidan wajen Mato dillali a Gwarzo, dubu ɗari shida, wata uku. Kunya ce ta hana ta tambayar ƙaninta. Tun kuɗin ba su taɓa hannunta ba aka zaftare la'ada, kuɗin takarda da na shaidu. Duk wata kuma akwai dubu sittin da Mato ke kira "goro", don kada bakinsa ya furta kuɗin ruwa. Wa'adi ya wuce, tara ta hau, a wata na biyar gida ya tafi.

Da Lukuman ya same shi a Gwarzo, Mato ko motsawa bai yi daga bencinsa ba. "Malam, ni ɗan aike ne. Mai kuɗin ne ya ce kada a ɗaga wa kowa ƙafa."

"Wane ne shi?"

"Ba a faɗa."

Lukuman ya tafi zuciyarsa na tafasa. Yanzu gidan kaɗai ba zai ishe shi ba. So yake ya ga azzalumin nan tsugune gaban alƙali, a tona masa asiri, 'ya'yansa su kasa ɗaga kai a kasuwa. Lauya ya yanka masa kuɗi mai tsoka, amma ko a jikinsa. Shekara guda ke nan wani ɗan kasuwa a Kabo, Uwaisu, yake juya masa jari, riba na shigowa duk wata ba fashi, shi kuwa gogan bai taɓa tambayar me ake saye ba. Sharaɗinsa ɗaya ne tun farko, kada sisinsa ya yi ciwon kai.

Daga wajen lauya ya zarce Kabo. "Uwaisu, uwar kuɗina nake so yau. Akwai wanda zan koya wa hankali."

Uwaisu ya yi murmushi, ya jawo durowa. "Tsabar kuɗi dai babu, amma ka taki sa'a, sun zama abin da ya fi su." Ya miƙo masa wasu takardu. "Gida ne a Kutama, na wata mata da ta kasa biyanka."