Miyar Kuka a Ranar Taliya

Sadakar ukun Malam Ɗanjuma ta faɗo Ranar Taliya da Kacici-kacici. Ba hukuma ta sa ranar ba, amma tun da shaguna suka koma hannun na'ura, taliya kaɗai ake sayarwa a ranar, ita ma sai ka ci tambaya.

Matarsa, Inna Uwale, ba ta da wanda za ta aika, sai ta fita da kanta cikin takaba. Masu gaisuwa sun cika zaure, ga tukunya wayam.

"Barka da Taliya, Inna!" in ji Sagiru mai gadin shago, da hular takarda a kansa. "Au, ya ƙarin haƙuri?"

Na'urar ta saki kiɗa, ta ce, "Da me kakanninmu suke cin miyar kuka?"

"Da tuwon dawa mana."

"Ba daidai ba! Saura dama ɗaya."

"Ni za a gaya wa? Tun ina amarya nake tuƙa wa Malam shi."

Sagiru ya rage murya. "Inna, ki ce taliya kawai. Kowace tambaya amsarta ke nan. In kika sake faɗuwa, sai gobe."

'Yan layi suka fara tsaki. Ta tuna mutanen zaure, ta tuna yadda Malam ke suɗe yatsunsa.

"Taliya," ta ce.

Na'urar ta rangaɗa guɗa. Har Inna Uwale ta isa gida bakinta ɗaci yake, kamar ta yi shaidar zur a kan mamaci.