Kujerar Malam Sidi a Tsohon Banki

Tun da aka daina amfani da kuɗin takarda, bankunan tsakiyar birni suka koma wuraren yawon buɗe ido. Ranar Asabar, Barira ta kai mahaifinta, Malam Sidi, ya ga inda ya yi aiki shekara talatin.

Mai zagayawa da baƙi ta tsayar da su gaban wani gilashi. A ciki, mutum-mutumi ne zaune a kujerar Malam Sidi, da fuskarsa ta ƙuruciya, yana buga hatimi a takarda.

"Wannan Sidi Garba ne, ma'aikacin ƙarshe a nan," in ji ta. "Allah ya jiƙansa."

Baƙi suka ce amin.

"Yarinya, ai ni ne," in ji Malam Sidi.

Ta duba na'urar hannunta, ta russuna. "Yi haƙuri, Baba, a nan an rubuta ya rasu bara."

Barira ta kama hannunsa. "Mu tafi, Baba. Litinin zan je a gyara."

A ƙofar fita kowa tafin hannu yake ɗorawa a kan na'urar tantance mutane. Barira ta ɗora, ƙofa ta buɗe. Malam Sidi ya ɗora nasa, ya goge shi a riga ya sake ɗorawa. Ƙofar ba ta motsa ba.